Dunduniyar da ke suka da asuba: laifin ƙayar ƙashi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da abinci ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 47. Wata huɗu ke nan dunduniyata ta dama tana ciwo. Da asuba in na sauko daga gado sai in ji kamar na taka ƙusa, in na ɗan zazzaga sai ya lafa, da yamma kuma ya dawo. An ɗauke ni hoto an ce wata ƙaya ce ta tsiro a ƙashin. Wasu sun ce allura, wasu sun ce sai an yi aiki an cire, maƙwabciyata kuma ta ce in je a yi mini sakiya. Kullum sai na sha ƙwayar da nake saye wajen masu talla kafin in iya fita. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Yadda kika kwatanta ciwon nan, suka a takun farko, sauƙi bayan an ɗan taka, sannan ya dawo bayan doguwar tsayuwa, shi ne sak ciwon jijiyar tafin ƙafa. Likita a nan zai rubuta miki shi da Faransanci, fasciite plantaire ko aponévrosite plantaire. Mun ce jijiya ne don Hausa ba ta rarrabe ba, amma ba jijiyar jini ba ce, ba kuma mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ba. Wata shimfiɗa ce mai kauri da tauri, kamar kirgi, wadda ta taso daga ƙasan ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu biyar. Ƙasusuwan ƙafa 26 ne, an jera su a lanƙwashe kamar baka, ita kuwa wannan jijiya ita ce tsirkiyar. Duk takun da kika yi, nauyinki yana neman baje bakan, tsirkiya tana riƙewa. Idan aikin ya fi ƙarfinta, wata da watanni babu hutu, sai wurin da ta kama ƙashi ya fara sassaɓulewa, ya yi kauri, ya yi tsami. Gajiya ce da lalacewar zare fiye da kumburi, kuma shi ya sa maganin kumburi yake kwantar da shi na 'yan awoyi kawai.

Abin da ya sa asuba ta fi tsanani shi ne, in mutum yana barci ƙafarsa kan saki ta nuna ƙasa, jijiyar ta taƙure dare guda. Kina dira ƙafa sai a fizge ta a sanyaye da nauyin jiki gaba ɗaya. Haka ma in kin daɗe zaune kina tsince shinkafa kika miƙe.

Ki gwada da kanki. Zauna ki ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ki danna da babban yatsan hannu a ƙasan dunduniya, ta ɓangaren ciki, daidai inda dunduniya ta ƙare kwarin ƙafa ya fara. In nan ne wurin da ya fi zafi, sannan kika ja yatsun ƙafar sama zafin ya ƙaru, to ita ce. Wasu a sujada suke fara ganewa, lokacin da yatsu suka lanƙwashe a ƙasa.

Yanzu ga maganar ƙaya. Abin da ya fito a hoton gaskiya ne, akwai ɗan tsiron ƙashi, amma ba shi ke sukar ki ba. Ba tsaye yake kamar ƙusa ba, a kwance yake yana fuskantar yatsu, kuma ya ɗauki shekaru yana taruwa, alhali ciwonki wata huɗu ne. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin komai ba, wasu kuma suna ɗingishi hotonsu tas babu tsiro. Waɗanda suka warke, in aka sake ɗaukar su hoto, tsiron yana nan inda yake. Saboda haka duk wanda ya ce a wata na huɗu sai an yanka an cire ƙaya, ya yi gaggawa. Kusan mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara guda ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Ciwon ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu wuni tsaye a kan siminti ko tayil, da masu jiki, da wanda naman sha-raɓarsa ya ɗaure har idon sawu ba ya lanƙwasuwa sosai. Ki ƙara da silifas ɗin soso da ya shafe, da jarkar ruwa mai lita 20, wadda kilo 20 ce cif a kan ƙafa. Sau da yawa in aka bi diddigi za a tarar wani abu ya canja makonni kaɗan kafin ciwon: an ƙara awoyin aiki, an koma wurin da aka yi wa siminti, an sauya takalmi, ko jiki ya ƙaru. Ki tuna ko akwai irin wannan, don nan ne gyara zai fara.

Abu na farko, kuma kyauta ne, kada ƙafarki ta taɓa ƙasa da asuba sai kin sassauta jijiyar. Kina zaune a bakin gado, ɗora ƙafar dama a kan gwiwar hagu. Kama yatsun duka da hannun dama, daga gindinsu, ki jawo su baya wajen ƙauri har ki ji tafin ƙafar ya ɗame. Shafa da ɗaya hannun, za ki ji jijiyar ta tashi kamar igiya. Riƙe sakan 10, saki, ki maimaita sau 10. Minti biyu ne duka, ba zai sa ki makara sallah ba. Ki yi haka sau 3 a rana, kuma duk lokacin da kika daɗe zaune ki yi ko sau uku ne kafin ki miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama kan yatsu kawai, sai su lanƙwashe a gaɓa jijiyar ba ta ji komai ba. Na biyu shi ne fizga. Ja ake yi a hankali, ki ji ɗamewa, ba suka ba. In ƙugu ko gwiwa ba sa barin ki ɗora ƙafa, miƙe ta a kan gado ki zarga ɗankwali a ƙarƙashin yatsun ki jawo. Daga nan ki zura takalmin da kika ajiye a gindin gado tun dare. Tafiya babu takalmi daga ɗaki zuwa wurin alwala tana iya rushe abin da kika gyara.

Sai miƙar sha-raɓa, domin agara da wannan jijiya ƙashi ɗaya suka kama, ɗaya ta baya ɗaya ta ƙasa, in ta sama ta ɗaure ta ƙasa ce ke biya. Dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, yatsu suna kallon bango sak, dunduniya manne da ƙasa, gwiwa a miƙe. Matsa ƙugu gaba har ki ji ja a bayan ƙafa, ki riƙe sakan 30, sau 3. Sannan ki ɗan matso da ƙafar, ki lanƙwasa gwiwar kaɗan, ki sake sau 3, za ki ji jan ya sauko kusa da agara. Safe da yamma. In yatsun suka karkata waje, kwarin ƙafa ne zai baje, miƙar ta tashi a banza.

Miƙa tana rage zafi, amma abin da ke mayar wa jijiya ƙarfinta shi ne a ɗora mata nauyi da lissafi. Wani bincike da aka yi a Denmark, aka buga a 2014, ya nuna masu yin ɗage da nauyi sun fi masu miƙa kaɗai samun sauƙi a wata na uku. Ga yadda ake yi. Naɗe ƙaramin tawul ya yi kamar kaurin taɓarya siririya, ki ajiye a bakin dakali ko a kan bulo mai ƙwari. Hau ki ɗora yatsun a kan tawul ɗin yadda za su tashi sama, gaban tafin yana kan dakali, dunduniya tana lilo a waje. Riƙe bango ko ƙyaure. Ki yi ɗage a hankali cikin sakan 3, tsaya a sama sakan 2, ki sauko cikin sakan 3. Tawul ɗin nan ba ado ba ne, shi ke ɗame jijiyar don nauyin ya bi ta kanta. Ana yi kwana ɗaya a huta kwana ɗaya, saboda a ranar hutun ne nama yake ginuwa. Mako biyun farko sau 12, a huta minti biyu, a sake, har zagaye 3. Daga mako na uku a ƙara nauyi a koma sau 10 zagaye 4, daga mako na biyar sau 8 zagaye 5 da nauyin da ya fi, a ci gaba har wata 3. Nauyin kuwa, gorar ruwa mai lita 1.5 kilo 1.5 ce, ki goya biyu ko uku da zane kamar yadda ake goyon yaro.

Ainihin tsarin da ƙafa ɗaya ake yin sa, amma ke kada ki fara da haka. Fara da ƙafa biyu a ƙasa sumul, mako ɗaya ko biyu, sannan dakali da ƙafa biyu, sannan ki hau da biyu ki sauko da mai ciwon, kafin ki kai ga ƙafa ɗaya. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne wannan: ki ɗauki zafi daga 0 zuwa 10. In lokacin yi bai wuce 3 ko 4 ba, kuma washegari da asuba bai fi na jiya ba, ci gaba. In asubar ta fi muni, kin zarce, koma matakin baya na mako guda. Masu fasawa yawanci garaje ne ya kayar da su, su yi da sauri kamar ana kora su, ko su yi kullum don ɗokin warkewa, ciwon ya tashi su ce motsa jiki bai karɓe su ba.

Takalmi kuwa, rabin maganin ne ga mai wuni tsaye. Ba tsada ake nema ba. Ɗauki takalmin ki lanƙwasa shi da hannu biyu: mai kyau a wajen yatsu kawai yake lanƙwasuwa, wanda ya naɗe a tsakiya kamar waina ki ajiye. Murɗa shi kamar za ki matse tsumma, in ya murɗu cikin sauƙi bai yi ba. Dunduniyarsa ta fi gabansa tudu da santimita 2 zuwa 3, da taushi a ƙarƙashi, kuma ya zama mai maɗauri a baya ko rufaffe, don silifas yana sa yatsu su dinga damƙa a kowane taku. Kambas na 'yan gudu ya fi komai dacewa, ko da bai shiga da atamfa ba. In na gwanjo ne, juya ki dubi ƙasansa, wanda ya cinye ta gefe ɗaya ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko. Fade na fata shafaffe, da takalmin biki mai tsini, a jingine su tukuna. A farmasi akwai ɗan matashin roba mai laushi na dunduniya, ki ce talonet za su gane. Ki sa a ƙafa biyu, ba a mai ciwon kaɗai ba, don kada ƙugu ya karkace. Shimfiɗar cikin takalmi ta kanti ta isa a farko, ba sai an auna an ƙera miki ta musamman ba.

Ba za a ce ki rufe sana'a ba, kuma kwanciya ma ba ta warkar da wannan ciwo, raunana ƙafa take yi. Rage nauyin ake yi. Duk aikin da zai yiwu a zaune, yankan albasa, gyaran kayan miya, zuba abinci, a yi shi a kan doguwar kujera. Inda kike tsayuwa gaban tukunya ki shimfiɗa kwali ninki uku ko tabarmar roba mai kauri, nesa da wuta. Kada tsayuwa ɗaya ta wuce minti 30 zuwa 40 ba ki zauna na minti biyar ba. Ɗaukar jarka da buhu a bar wa yara na 'yan watannin nan. In akwai ƙiba, ko kilo kaɗan aka rage ƙafa za ta shaida.

Da dare in kin dawo tana zugi, murza gorar ƙanƙara a ƙarƙashin tafin minti 10 zuwa 15, da ƙyalle tsakani. In babu wuta babu ƙanƙara, kwalba ko taɓarya ta isa a murza a hankali. Daɗi yake ba ki, ba gyara ba, amma daɗin ma ana so.

Filasta tana taimakawa a ranakun da aiki ya yi yawa, kamar na biki. Ana amfani da mai tauri wadda ba ta miƙewa, faɗin santimita 2.5. A wanke ƙafa a tsane ta sarai, a riƙe ta a miƙe kamar kina tsaye. Zare na farko ya taso daga gindin ƙaramin yatsa ta gefe, ya zagaye bayan dunduniya, ya ƙare a gindin babban yatsa. Sannan a gitta guda 4 ko 5 a ƙarƙashin tafin, daga waje zuwa ciki, kowane ya hau rabin na baya. Kwana 2 zuwa 3 take yi, a zafin Garwa ma gumi kan ɓanɓare ta kafin haka. In ta yi ƙaiƙayi ko yatsu suka canja launi a cire. Hukuncin alwala a kanta, malaminku zai fi ni bayani. Akwai kuma wani abin ɗaurawa na dare da ke hana ƙafa nuna ƙasa, ana sa shi wata 1 zuwa 3, yana amfanar wanda ciwon asuba ya ƙi ji bayan watanni, sai dai ba kowa ke iya barci da shi ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki ba dunduniyar ba ce, ƙwayar nan ce ta kullum. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa don ciwon jiki diclofenac ne ko ibuprofen, wani lokaci a haɗa da tramadol ko dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi, mai saye bai san me ya haɗiye ba. Diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki, suna tayar da hawan jini, suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda. Ki haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da wuni gaban murhu, ko azumi, ƙodar da ruwa ya yi mata ƙaranci ita ce ke fara jigata, kuma ba ta kuka sai ta yi nisa. Ƙa'idar ibuprofen ga babba mai lafiya miligiram 400 ne, sau 3 a rana bayan abinci, kada ya wuce kwana 10. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini, ko juna biyu, ba nasa ba ne sai da izinin likita. Paracetamol ya fi aminci, giram 1 a lokaci guda, sau 3 a rana, ko diclofenac na shafawa. Bayan wata huɗu ana sha, ya kamata a auna miki jini, suga da aikin ƙoda. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne daga ciki, asibiti a ranar. In kuma fuska ta yi zagaye, jiki ya hau ba dalili, akwai yiwuwar dexamethasone a ciki, shi kuwa ba a yanke shi dare ɗaya, likita ne zai janye shi sannu a hankali.

Allurar da aka ce miki ta kotizon ce, maganin kumburi dangin dexamethasone, ana yin ta a cikin dunduniyar. Tana aiki, amma sauƙin galibi na kamar wata guda ne, daga baya wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba kusan ɗaya suke. Haɗarinta biyu ne: tana iya raunana jijiyar har ta tsinke, tana kuma iya narkar da matashin kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya, wanda kaurinsa bai wuce santimita 2 ba kuma in ya tafi ba ya dawowa. Tana tayar da suga na 'yan kwanaki. Wurinta shi ne bayan an yi wata 2 ko 3 ana bin matakan nan da gaske amma zafi ya hana taku, a yi ɗaya, a hannun likita, a asibiti, sannan a yi amfani da sauƙin wajen ci gaba da ɗage. Ba a mayar da ita ta duk wata.

Sakiya, tsaga da taka dutse mai zafi, a bar su. Jijiyar tana can ƙarƙashin fata mai kauri da kitse, ƙarfe mai zafi ba zai isa gare ta ba sai ya ƙona abin da ke kare ta, ga tabo a daidai inda za ki taka har ƙarshen rayuwa. Ga mai ciwon suga kuwa, wanda wataƙila bai ma san yana da shi ba, ƙuna a tafin ƙafa kan zama gyambon da ke kai ga yanke ƙafa. Ruwan ɗumi da tausa da man kaɗanya babu laifi.

Ki sa ran ganin bambanci na zahiri bayan mako 6 zuwa 8, cikakkiyar warkewa kuma wata 6 zuwa 12. Ba a miƙe take zuwa ba, za a yi mako mai daɗi a biyo da mai tsami. Don kada ki ruɗe, duk Juma'a ki rubuta lambar zafin takun farko, da yawan takun da kike yi kafin ya lafa, ki kwatanta wata da wata. In ya lafa kada ki watsar da ɗage, bar shi sau 2 a mako, ki dawo da tsayuwa da ɗaukar kaya kaɗan-kaɗan. In an kai wata 6 babu motsi, a nemi sashen kine, wato na gashi da motsa jiki, a babban asibiti, a kuma duba da ekogarafi, wato irin na'urar hoton da ake duba masu juna biyu da ita, wadda ke nuna jijiyar kanta. Kaurin jijiyar in ya haura milimita 4 alama ce mai ƙarfi ta ciwon. Akwai na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti, ana gwada ta kafin a yi zancen aiki. Aikin kansa sai an kusa shekara komai ya gaza, kuma abin da ake yi shi ne sassauta wani sashe na jijiyar ko naman sha-raɓa. Yana iya sa kwarin ƙafa ya baje, ciwo ya koma gefen waje.

Ba kowane ciwon dunduniya ne wannan ba, kuma akwai alamun da ba a jira da su. In kika matse dunduniyar ta gefe biyu kika ji zafi mai tsanani, kuma taku ƙara shi yake yi maimakon ya lafa, ana tunanin tsagewar ƙashi. Raɗaɗi kamar barkono, ko wurin ya yi dindiris, ko jin kamar kiyashi na tafiya, na jijiyar saƙo ne da ta matse, ko suga, ko daga baya ya sauko. Kumburi, ja da zazzaɓi, musamman ga mai sikila ko wanda ƙaya ta gaske ta taɓa soka, ƙwayar cuta ce. Ciwon da ke tashin mutum daga barci yana kwance, ko jin wani ɗas a tafin ƙafa sannan taruwar jini, duk na likita ne da wuri. Dunduniya biyu a lokaci guda ga matashi mai sandarewar baya da safe kan nuna ciwon gaɓoɓi na jiki duka. Wanda kuma ya sha ciprofloxacin kwanan nan, da ake yawan bayarwa don taifot, ya ji ciwo a agara, ya dakatar da ɗage ya koma wurin wanda ya rubuta masa, don maganin yana iya raunana agara har ta tsinke.

Ranar da za ki je awon jinin, Hajiya, ki tafi da hoton, da ragowar ƙwayoyin cikin ledarsu ko kwalinsu, da takalma biyun da kika fi sawa. Likita zai juya su ya dubi inda suka cinye.